Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Turawa Suka Koyi Ciyar Da Ƙudan Zuma A Lokacin Sanyi

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a karkarar Zariya, manomi, wanda ya ce yana da amya talatin da 'yan kai a kan itatuwan ɗorawa da kaɗanya. Ya ce ɗansa da ke karatun aikin gona ya gaya masa wai a ƙasashen Turai sai an ba ƙudan zuma sukari a lokacin sanyi, in ba haka ba su mutu. Yana tambaya, shin gaskiya ne? In gaskiya ne, yaushe aka fara, kuma me ake ba su kafin zuwan sukari? Sa'an nan shi ma ko ya sayi sukarin ya ba nasa, tun da ga hunturu ya kawo jiki?

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ƙara albarka a sana'a. Yaronka gaskiya ya faɗa maka. Amma kada ka nufi kasuwa tukuna, dakata ka ji labarin har ƙarshe, domin sukari ba shi da araha a yau.

Da farko dai sai mu san irin sanyin da ake magana a kai. Mu a nan in hunturu ya yi tsanani, a kwana ana rawar ɗari, a wayi gari ana jin wuta, da hantsi ya dubi ludayi kowa ya kama harkarsa. A arewacin Turai da Rasha da Kanada kuwa, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris ruwa daskarewa yake yi a tafki, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, yawancin itatuwa su kaɗe ganye sarai. Wata huɗu, wani wurin biyar ko shida, babu fure ko na magani. Shi kuwa ƙudan zuma ba ya shiga laka ya yi dogon barci kamar yadda gaiwa take yi ta jira damina. Idonsa biyu, cikinsa kuma yana neman abinci.

Da zarar sanyi ya sauko wajen digiri 14 a ma'aunin santigireti, sai ƙudajen su dunƙule wuri guda a kan saƙa, sarauniya a tsakiya. Na ciki su riƙa karkaɗa tsokar da suke tashi da ita ba tare da sun kaɗa fiffike ba, wannan makyarkyatar ita ke ba da ɗumi. Na waje kuma su manne da juna su zama bargo. Tsakiyar dunƙulen takan tsaya wajen digiri 20 ko fiye, in kuwa sarauniya ta soma ƙwai a ƙarshen sanyi, sai sun kai ta wajen 35, ko da a waje ruwa ya daskare. Itacen hura wannan wuta kuwa zuma ce. A Ingila amya guda kan buƙaci wajen kilo 18 zuwa 20 kafin ta ga fitar sanyi, a Kanada da arewacin Amurka kuma kilo 30 zuwa 40. 'Yan kasuwa sun san babban buhun sukari kilo 50 ne, to sai a kwatanta. Saboda wannan tsimi ne ma, kafin sanyi ya shiga, ma'aikatan kan fitar da mazan waje su mutu, domin su ci kawai suka iya.

Ga inda matsalar take ke nan. Zumar da ƙudan ya tara don ya ci da sanyi, ita ce dai mai amya yake so ya kai kasuwa. Shekara dubu biyu ke nan Turawa suna fama da wannan rabo.

Bari mu fara da Romawa. Wani malaminsu mai suna Varro ya rubuta littafi a kan noma a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana dattijo ɗan wajen shekara tamanin. A ciki ya ba da shawarar cewa in abinci ya yanke wa ƙudan zuma, a tafasa nunannen ɓaure laba 10 na awonsu, wato wajen kilo 3, a cikin ruwa kimanin lita 20, a cura shi a ajiye musu kusa da amya. Ya ce wasu kuma ruwan zuma suke zubawa a ƙananan kwanoni, su jefa gashin tumaki mai tsabta a ciki don ƙudajen su tsotsa kada su nutse. Bayansa da wajen shekara ɗari aka yi wani mai suna Kolumela, haifaffen garin Kadis na ƙasar Sifen ta yau. Shi ma ya ambaci dakakken busasshen ɓaure da zabibi. Ya kuma ba da labarin wata dabara da za ta ba ku dariya: wai wasu sukan yanka tsuntsu, su cire kayan cikinsa, su tura shi cikin amya da gashinsa, don ƙudajen su shige gashin su ji ɗumi, in yunwa ta matsa su ci naman. Shi kansa ɓauren ya fi so.

Abin da ya fi muhimmanci a maganar Kolumela shi ne rabon da ya yi. Ya ce a ɗiban farko, lokacin da daji ke da fure, a bar wa ƙudan kashi ɗaya cikin biyar na saƙar, a ɗiban baya kuwa, da sanyi ya gabato, a bar musu kashi ɗaya cikin uku. Romawa sun iya yin haka ne saboda amyarsu a kwance take, irin tamu, ana buɗe ta ta baya, a busa hayaƙin busasshen kashin shanu, a yanki abin da za a yanka a bar saura. Wato da a ce Kolumela zai biyo ta karkarar Zariya yau, ba zai tambayi ko mene ne wancan a kan ɗorawa ba. Sai dai a lura, sanyin Italiya gajere ne, ɗan ɓaure ya isa ya kai amya gaci.

A can arewa, wato Ingila da Jamus da Holan, abin ya sha bamban. Su amyarsu kwando ne da ake saƙawa da karan alkama, a kife shi a kan katako, baki ɗaya gare shi, ta ƙasa. Ƙudan kan manne saƙarsa a jikin kwandon tun daga sama, zumar kuma a can sama take, ba yadda za a yi a kai gare ta sai an bi ta kan 'ya'ya da uwayen. To, ga yadda suka yi ta yi shekara da shekaru. Idan kaka ta yi, wajen watan Satumba, mai zuma zai bi kwandunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa da hannu yana jin nauyi. Masu nauyi sosai ya ware su gefe, domin a nan riba take. Marasa nauyi su ma ya ware su, domin ko an bar su ba za su kai fitar sanyi ba. Sai ya haƙa ɗan rami, ya kunna farar wuta a ciki, ya ɗora kwandon a kai. Cikin ɗan lokaci hayaƙin ya kashe ƙudajen duka, ya kwashe zuma da kaki. Matsakaitan kawai ake bari su zama iri. Ku duba fa, amyar da ta fi kowace ƙoƙari ita ake fara kashewa, kamar manomin da kullum yake cinye zangarniyar da ta fi kyau, ya shuka ta tsakiya.

Waɗanda aka bari ɗin, in aka ji sun yi sakayau kafin bazararsu ta zo, akan ɗan taimaka musu. Littattafan Ingila na ƙarni na 17 zuwa farkon na 19 sun ambaci zuba zuma, ko giyar sha'ir da aka tafasa da ɗan sukari, a wani siririn kwami da aka fafe daga reshen itace, a zura ta ƙofar amya da almuru. Cokali kaɗan ne dai, na tsai da rai. Wasu kuma sukan yi alkuki a jikin katangar lambu su jera kwandunan don kare su daga iska da ruwa, har yau ana ganin irin waɗannan alkukai a tsofaffin gidajen Birtaniya. A cikin marubutan nan akwai wani limamin coci, Charles Butler, wanda a littafinsa na shekarar 1609 ya yaɗa wa mutanensa cewa shugaban amya mace ce. Kafin nan su ma sarki suke cewa, kamar yadda mu ma muka tashi muka ji ana cewa sarkin zuma.

An yi ta samun masu kukan wannan kisa. Wani Thomas Wildman ya soke shi a littafinsa na 1768, wani Thomas Nutt kuma ya fitar da nasa a 1832 yana roƙon a tausaya wa ƙudan zuma. Amma roƙo bai hana talaka kunna farar wuta ba, domin ba a ba shi abin da zai ciyar da su ba. Mutanen Rasha da Yukiren, da daga baya na arewacin Amurka, sun bi ta wata hanya, wato rage wa ƙudan ci. Sukan kwashe amyoyin su shigar ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, inda sanyi ke tsayawa kaɗan sama da daskarewa, a nan ƙudan ba ya yawan motsi, ba ya kuma ƙona zuma da yawa.

Abubuwa biyu ne suka kawo ƙarshen ramin farar wuta, na farko arahar sukari, na biyu amyar da ake buɗewa.

A zamanin da, sukari a Turai kayan sarakuna ne, tare da kanumfari da masoro ake ajiye shi, ya fi zuma tsada nesa ba kusa ba. Wa zai ɗauki mai tsada ya ba ƙwaro don ya sami mai araha? Farashin ya soma sauka ne da aka buɗe manyan gonakin rake a Barazil da tsibiran Karibiyan, kuma kada mu manta, bayi 'yan Afirka ne suka noma raken nan, da yawansu daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwashe su. A wajen 1700 abin da mutum ɗaya ke sha a Ingila bai fi laba 4 a shekara ba, a 1800 ya kai wajen 18, kafin 1900 ya doshi 90. A ɗaya gefen kuma, a 1747 wani masanin harhaɗa sinadarai a birnin Balin, Andreas Marggraf, ya gano akwai sukari a cikin wata saiwa mai kama da ƙaton farin karas, wadda ke yi a ƙasar sanyi. Almajirinsa Achard ya gina masana'antar farko a yankin Silesiya, ta fara aiki a 1802. Da jiragen ruwan Ingila suka tare wa Faransa hanyar rake a yaƙin Napoliyon, sai shi Napoliyon ya ba da umurni a 1811 a noma saiwar nan gadan-gadan. Ingila kuma ta soke harajin sukari a 1874. Daga nan lissafi ya juya, kilon zuma ya sayi kilon sukari da yawa.

Amyar kuwa, wani mutumin Yukiren, Petro Prokopovych, ya ƙera akwati mai firam tun 1814, amma wanda ya kammala aikin shi ne wani limamin coci a Amurka, Lorenzo Langstroth, a 1851. Ya lura cewa in aka bar rata ta wajen milimita 6 zuwa 9 tsakanin katako da katako, ƙudan zuma ba ya cike ta da saƙa, ba ya kuma liƙe ta, hanyar wucewa yake mai da ita. Da wannan 'yar rata aka sami akwatin da za a zaro saƙa ɗai-ɗai a duba, a mayar. Ta haka ne mai zuma zai iya ganin rumbun ƙudansa da ido, ya san ko ya isa ko bai isa ba. A 1865 kuma wani hafsan sojan Ostiriya, Hruschka, ya fito da injin da ke juya saƙa ya tatse zumar ba tare da ya farfasa ta ba.

To, kun dai san halin ɗan Adam. Da aka sami hanyar kwashe zuma ba tare da kisa ba, sai aka kwashe har da ta cin sanyin, aka ce a biya ƙudan da ruwan sukari. A nan ne aka yi babbar gardama a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Dattawan sana'a suka ce wannan zalunci ne, ƙudan zuma zai lalace. Wani malamin makaranta mai suna Heinrich Freudenstein, a kusa da garin Marburg, ya tsaya kai da fata cewa a ƙasarsu farin sukari ya ma fi wata zumar kyau wajen cin sanyi, har aka yi masa laƙabi da mai wa'azin sukari.

Hujjarsa tana da ban sha'awa. Ƙudan zuma mai tsabta ne, ba ya bayan gida a cikin amya. Duk tsawon sanyi riƙewa yake yi, sai ran da rana ta ɗan buɗe, ɗumi ya kai wajen digiri 10, su fita su sauke su dawo. To, a dazuzzukan Jamus akwai wata baƙar zuma da ba daga fure take ba. Manomanmu sun san darɓa, wannan danƙo mai zaƙi da ƙananan ƙwari ke bari a ganyen dawa. Irinsa ne ƙudan ke lasowa daga ganyen itatuwa. Zumar tana da daɗi, tana da kuɗi, amma tana da tsaki da yawa da cikin ƙudan ba ya narkarwa, wata ma daskarewa take yi a saƙa kamar siminti. In sanyi ya yi tsawo babu ranar fita, sai ciki ya cika, zawo ya ɓarke a cikin amya, a wayi gari an rasa ta ɗungum. Farin sukari kuwa ba ya barin komai a ciki. A wannan fuskar malamin makarantar ya yi gaskiya, kuma hanyarsa ce ta yi rinjaye. A ganina dai masu sukarsa ma ba su faɗi ƙasa ba, domin sukari makamashi ne kawai, zuma kuwa tana ɗauke da abubuwan gina jiki da kariya daga cuta waɗanda babu su a buhu. Shi ya sa har yau masu zuma da yawa a can sukan bar wa ƙudan wani kaso na zumarsa, su cike giɓin da sukari.

Ƙa'idar da aka zauna a kai ita ce, da kaka a dama kilo 2 na farin sukari a lita 1 ta ruwa, mai kauri ke nan, a ba su tun da sauran ɗumi don su busar da shi su rufe da kaki. In sanyi ya riga ya shiga ba sa iya shan mai ruwa, sai a ɗora musu wata alewa mai laushi daidai kan dunƙulen, domin an sha ganin amya ta mutu da yunwa alhali ga zuma can gefe taƙi guda, sanyi ya hana su matsawa. Da bazararsu kuma a ba su mai ruwa-ruwa, kilo 1 a lita 1, don sarauniya ta zaci fure ya fito ta ƙara ƙwai. Jan sukari irin mazarƙwaila ba sa ba su da sanyi, saboda dalilin zawon nan. Sukari kuma ba ya renon 'ya'ya, sai da garin fure. Tun a ƙarni na 19 masu zuma a Jamus suka lura ƙudan kan je gidan niƙa ya kwaso garin hatsi in garin fure ya yanke, kamar dai yadda kuke ganinsa a kan garin rogo da dusa a kasuwanninmu, sai suka soma ajiye masa. Daga baya masana a Amurka suka haɗa wani ƙulli na garin waken soya da yis.

Da sukari ya zama jigon sana'ar, sai hukuma ta shigo, ɓarayin zaune su ma suka shigo. A Jamus an yi zamanin da ake ba masu zuma sukarin da ba haraji a kansa, amma sai an gauraya shi da yashi don kada ya ƙare a kofin shayi. A Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta sa sukari a rabon kati tun Janairun 1940, ba a cire shi ba sai 1953. Amma saboda ana buƙatar ƙudan zuma ya yi wa itatuwan marmari barbara, aka ware wa kowace amya laba 10 na cin sanyi da laba 5 na bazara. Nan da nan masu kiwon zuma suka yawaita, har da waɗanda amyarsu a takarda kawai take. Ana ba da labarin cewa hukuma ta rina sukarin kore don a gane shi in ya shiga kasuwar bayan fage, sai ga ƙudan ya soma fitar da koriyar zuma, dole aka bari.

Kada ku zaci kisa ya ƙare gaba ɗaya. A jihohin yammacin Kanada, irin su Albata da Manitoba, manyan masu zuma suka buga lissafi suka ga ciyar da amya wata shida ya fi sayen sabuwa tsada. Saboda haka shekaru da dama a ƙarni na 20, da kaka ta yi sai su kashe ƙudajen da iskar guba, su kwashe zumar ƙaf, da watan Afrilu kuma manyan motoci su kawo musu sababbin ƙudaje daga Kaliforniya a cikin 'yan akwatunan raga, kowane da sarauniyarsa. Ana nan sai ga wata 'yar mitsitsiyar kaska mai suna barowa, wadda asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya take, ta ɓulla a Amurka a 1987. A shekarar nan Kanada ta rufe kan iyakarta ga irin waɗannan akwatuna. Mutanen da suka saba kashewa dole suka koma koyon ciyarwa: ruwan sukari ganga-ganga a watan Satumba, sa'an nan a naɗe amyoyin huɗu-huɗu da baƙin bargo, ko a jera su a manyan ɗakuna masu duhu da ake riƙe sanyinsu wajen digiri 5. Ɗakin ƙarƙashin ƙasan mutanen Rasha ne ya dawo, sai dai da lantarki.

Wannan kaska ta nuna iyakar sukari. Tana tsotsar ƙudan, tana kuma sa masa cututtuka, har ya shiga sanyi da rauni. A sanyin 2006 zuwa 2007 masu zuma a Amurka sun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na amyoyinsu, daga Yunin 2024 zuwa farkon 2025 kuma manyan masu sana'ar suka ba da rahoton asarar fiye da kashi 60 cikin 100. Da yawa an buɗe su an tarar da abinci cike, ba masu ci. Akwai kuma illar da ta shafi 'yan kasuwa. Duk wanda ya ba ƙudan ruwan sukari a lokacin da yake tara zumar sayarwa, abin da zai tatsa sukari ne mai sunan zuma, wasu kuma a ganga suke haɗa nasu algus ɗin. A 2023 Tarayyar Turai ta bayyana cewa cikin samfuri 320 na zumar da ake shigar mata da ita daga waje, kashi 46 cikin 100 ana zargin an yi musu gauraye. Mai yin haka kasuwar kowa yake kashewa.

Yanzu sai mu zo kan tambayarka ta ƙarshe, Malam. Amsa ita ce a'a, kada ka sayi sukari saboda hunturu. Sunan ne ya zo ɗaya, amma hunturunmu ba lokacin yunwar ƙudan zuma ba ne. Kai ka fi mu sani, gawo yana fure ne bayan ɗaukewar ruwa, rimi da mangwaro a tsakiyar ɗari, kaɗanya da ɗorawa kuma daga ƙarshen ɗari zuwa bazara, shi ya sa babban ɗiba a wurare da yawa yakan zo kafin faɗuwar damina. Wuyar namu ƙudan a marka take, Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke tsare shi a gida yana kuma wanke fure, sai kuma ƙishirwar ƙarshen bazara, musamman can arewa wajen Damagaram da Maraɗi. Halinsa ma daban ne. Na Turai ba shi da inda za shi, dole ya tara ya zauna. Namu na Afirka in ya ga babu, ƙaura yake yi, ka wayi gari ka tarar da amya kango.

Saboda haka rabon Kolumela ya fi yi maka amfani a kan sukarin Freudenstein. In za ka ɗiba kafin damina, bar musu kaso mai kauri, kada ka taɓa saƙar da ke da 'ya'ya, kuma hayaƙi za ka yi, kada ka babbake su da harshen wuta. Da bazara ajiye musu ruwa a kasko kusa da itacen, ka jefa guntayen kara a ciki su tsaya a kai, aikin gashin tumakin Varro ke nan. In kana da amyar katako da ake buɗewa, ka kuma ga rumbunta wayam a tsakiyar marka, to a nan ne za ka dama farin sukari da ruwan ɗumi daidai wa daida, kada ka dafa shi har ya ƙone ya yi ja, domin ƙonannen sukari guba ne gare su. Ka sa musu a ciki da almuru, kaɗan-kaɗan, abin da za su shanye cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda a zafinmu da wuri yake tsami, in kuma ka ajiye a fili ka gayyato tururuwa da ƙudajen maƙwabta su yi maka wasoso. Kada ka ba su zumar da ka sayo a kasuwa, akwai cutar 'ya'yan zuma da ƙwayarta ke rayuwa a ciki shekaru masu yawa. Da ka ga sun soma shigowa da ruwan fure, ka janye hannu.

Mai sauraronmu na Gumel da ya yi tambaya a kan farashin kakin zuma da inda ake kai shi, ya yi haƙuri, tasa amsar sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.